IN AN TUƁE MAI TSARON DOKA, A FAƊA WA JAMA'A DALILI

Kamar yadda masu karatun wannan shafi suka sani, duk lokacin da majalisar ministoci ta yi zama a Yamai, akan karanta sakamakon taron a gidan rediyo da talabijin, a jero sunayen waɗanda aka naɗa bisa manyan muƙaman ƙasa. A cikin takardun naɗi akwai wata jimla wadda kunnen ma'aikata ya daɗe da sabawa da ita: an naɗa wane a madadin wane, wanda aka kira zuwa ga wasu ayyuka. A Faransanci jimlar tana wucewa sumul, ba ta tsaya wa kowa a maƙogwaro. Amma da zarar an juya ta zuwa Hausa, ta isa kunnen manomi a Kornaka ko makiyayi a kwarin Tarka, sai tambayoyi su biyo baya: waɗanne ayyuka ne? Wa ya kira shi? Girma aka ƙara masa, ko kuwa laifi ya yi ake rufa masa asiri?

Idan wanda aka sauya darektan wani ofishi ne na noma ko na gidan waya, tambayar ba ta wuce kwana biyu sai ta mutu. Idan kuwa shugaban ƴan sanda ne, ko na jandarma, ko na gardi, maganar takan daɗe a bakin mutane, kuma suna da hujja. Wannan mutum bindiga tana ƙarƙashin umurninsa, mabuɗin ɗakin da ake tsare mutane yana hannunsa, takardun binciken manya da ƙanana kuma suna cikin akwatinsa. Ranar da ya tashi, wani yana murna domin binciken da ake yi a kansa zai kwanta, wani yana kuka domin ƙarar da ya kai za ta ɓace. Babu mai gardama cewa hukumar da ta naɗa ma'aikaci tana da ikon tuɓe shi. Ƙasar da ba ta iya sauke babban jami'in tsaronta ta shiga uku. Abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne yadda ake tuɓewar, da abin da ake faɗa wa jama'a, da kuma abin da ke biyo baya.

Misalin da aka fi sanin filla-fillarsa, domin an yi shi a bainar jama'a ƴan jarida suna kallo, yana ƙetaren iyaka ne, a Najeriya. Ba labarin nesa ba ne ga mutanen jahar Maraɗi. Daga Dakoro zuwa Maraɗi kimanin kilomita 120 ne, daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar ba ta ma kai haka ba, kuma manyan da abin ya shafa daga Jigawa da Daura da Sakkwato suka fito. Cikin shekara huɗu, sau biyu jami'an tsaro suka datse ƙofar majalisar dokokin tarayya a Abuja, kuma shugabannin waɗanda suka datse ta, su biyun, duk sun ƙare da kora. Ƙofar ɗaya ce, amma korar ba iri ɗaya ba ce.

Na farko shi ne Suleiman Abba, mutumin Gwaram ta jahar Jigawa, wanda shugaba Goodluck Jonathan ya ɗora bisa kujerar Sufeto Janar na ƴan sanda a farkon watan Agusta na shekarar 2014. A ƙarshen watan Oktoba na wannan shekara, kakakin majalisar wakilai, Aminu Waziri Tambuwal na Sakkwato, ya fice daga jam'iyyar PDP mai mulki ya koma APC ta ƴan hamayya. Kwana biyu bayan haka hukumar ƴan sanda ta janye masu tsaron lafiyarsa, ta kuma fito da sanarwa tana kafa hujja da sashe na 68 na kundin tsarin mulki, wai wanda ya sauya jam'iyya ya rasa kujerarsa. Masana shari'a suka ce ko da hakan gaskiya ne, kotu ce ke da hurumin yanke wannan hukunci, shi ɗan sanda aikinsa zartar da abin da alƙali ya yanke. Ba a saurare su ba. Ran 20 ga watan Nuwamba aka kira majalisa domin ta duba buƙatar shugaban ƙasa ta ƙara wa'adin dokar ta-ɓaci a jahohin Borno da Yobe da Adamawa, inda a lokacin Boko Haram ke cin garuruwa. Ƴan sanda suka rufe ƙofa suka tare Tambuwal. Aka ga ƴan majalisa, manya da manyan riguna, suna haura ƙofar ƙarfe tamkar ƴan makarantar da suka makara; aka harba barkonon tsohuwa har cikin ginin; shugaban majalisar dattawa, David Mark, ya rufe majalisar baki ɗaya. Maganar dokar ta-ɓacin, wadda ita ce ta tara su, ta bi ruwa. Da kwamitin majalisa ya kira Abba domin ya yi bayani, sai ya ƙi ambaton Tambuwal da sunan kakaki, yana ta cewa Alhaji Aminu Tambuwal.

A wannan lokaci ƴan hamayya sun yi ta kiran a tuɓe shi. Ba a tuɓe shi ba. Ya ƙara wata biyar bisa kujerarsa. Sai aka yi zaɓen 28 ga watan Maris na 2015, Muhammadu Buhari ya kayar da Jonathan. Ran 1 ga watan Afrilu, da hukumar zaɓe a ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta miƙa wa Buhari takardar shaidar cin zaɓe, aka ga Sufeto Janar a wurin taron. Kwana 20 bayan haka, ran 21 ga watan Afrilu, mai magana da yawun shugaban ƙasa, Reuben Abati, ya fito da gajeriyar sanarwa: an sauke Suleiman Abba nan take, an ba Solomon Arase riƙon kujerar. Ba a faɗi dalili ko guda ba. Saura kwana 38 ke nan Jonathan ya miƙa mulki.

Da yake ruwa ba ya tsami banza, kuma gwamnati ta yi shiru, kowa ya kawo nasa dalilin. Jaridu suka ce an ji haushin ganinsa wurin bikin Buhari. Wasu suka ce saɓani ne kan yadda aka rarraba manyan ƴan sanda a zaɓen gwamnoni na 11 ga watan Afrilu, musamman a jahar Ribas. Wataƙila akwai wani dalili mai ƙarfi wanda fadar shugaban ƙasa ta sani. To, ita ta zaɓi ta haɗiye shi. Abin da ya fi dukkan wannan muhimmanci shi ne darasin da ƙaramin hafsa ya ɗauka yana kallo daga barikinsa. Ranar da shugabansa ya rufe majalisar ƙasa, ko gargaɗi ba a ji an yi masa ba. Ranar da aka yi zargin ya juya baya ga maigida, kwana 20 suka isa. Duk wanda ya ga wannan ya fahimci cewa taka doka ba shi ke raba mutum da aikinsa ba, kuskuren karanta inda iska ke kaɗawa shi ke raba shi. A shekarar 2020 kuwa gwamnatin Buhari, watau gwamnatin jam'iyyar da aka harba wa ƴaƴanta barkonon tsohuwa, ta ba Abba shugabancin kwamitin amintattu na asusun tallafa wa ƴan sanda. Ranar 20 ga watan Nuwamba ta wuce ba tare da kowa ya amsa tambaya a kanta ba.

Na biyu shi ne Lawal Musa Daura, ɗan garin su shugaba Buhari, garin da ba shi da nisa da iyakar jahar Damagaram. Ya riga ya yi ritaya daga hukumar tsaro ta farin kaya, wadda ake kira DSS, sai aka maido shi a watan Yuli na 2015 aka ba shi shugabancinta. A zamaninsa ne, a watan Oktoba na 2016, jami'an hukumar suka shiga gidajen alƙalai da tsakar dare, har da biyu na kotun ƙoli. A zamaninsa ne aka ci gaba da tsare Kanar Sambo Dasuki, ɗan tsohon Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki, alhali kotuna sun ba da belinsa, kotun CEDEAO ma ta ce tsarewar ba ta bisa ƙa'ida. Rahoton hukumarsa ne majalisar dattawa ta riƙe har sau biyu ta ƙi amincewa da Ibrahim Magu, wanda shi kansa Buhari ya gabatar domin shugabancin hukumar yaƙi da cin hanci ta EFCC. Duk wannan bai girgiza kujerarsa ba.

A ƙarshen watan Yuli na 2018 tarihi ya maimaita kansa, sai dai an yi musayar riguna: shugaban majalisar dattawa, Bukola Saraki, ya bar APC mai mulki ya koma PDP. Da safiyar Talata 7 ga watan Agusta, jami'an DSS ɗauke da bindigogi, fuskokinsu a rufe, suka tsaya a ƙofar majalisa suka hana ƴan majalisa da ma'aikata shiga. Buhari yana hutu a Landan. Mataimakinsa, Farfesa Yemi Osinbajo, shi ke riƙe da ƙasa. Kafin rana ta faɗi an tuɓe Daura. Sanarwar da mai magana da yawun Osinbajo, Laolu Akande, ya fitar ta kira laifin da sunansa: ta ce fadar shugaban ƙasa ba ta ba da izinin mamaye majalisa ba, ta ce hakan babban keta tsarin mulki ne, ta kuma yi alkawarin gano duk jami'in da ke da hannu a ciki domin a hukunta shi.

Wannan kora ta fi ta farko, nesa ba kusa ba, kuma ya kamata a faɗi haka ba tare da kwana-kwana ba. An yi ta a ranar da aka yi laifin, an faɗi laifin, kuma wanda aka tuɓe na kusa da maigida ne. Kowane kurtu ya ji cewa akwai ƙofar da ba a datsewa, kome kusancin mutum da fada. Amma alkawarin hukunci fa? Wani rahoton wucin gadi na Sufeto Janar na lokacin, Ibrahim Idris, ya fita a jaridu, yana cewa Daura ya dogara ne da labarin sirri na wai za a shigar da makamai majalisa, kuma bai sanar da muƙaddashin shugaban ƙasa ba. PDP ta ce makirci ne na APC domin a tsige Saraki. APC ta ce Saraki ne ya shirya wasan domin a tausaya masa. An tsare Daura na ɗan lokaci, aka sake shi, ba a ga an gurfanar da shi gaban alƙali a kan al'amarin ba. Matthew Seiyefa, mutumin Bayelsa, wanda aka ba riƙon hukumar, ya yi wata ɗaya da ƴan kwanaki. A watan Satumba Buhari ya naɗa Yusuf Magaji Bichi na Kano. Nan take gardama ta koma ta Kudu da Arewa, ta wa aka cire wa aka sa, tambayar farko kuwa, watau wa ya aiki masu rufe fuska, ta ɓace cikin hayaniya.

A irin wannan hali babu wanda aka yi wa adalci, har shi wanda aka kora. Idan shi kaɗai ya yanke shawarar rufe majalisa, kora ta yi kaɗan. Idan wani ne ya aike shi, an sare reshe an bar saiwa. Idan kuma yana da hujja, an hana shi wurin da zai kawo ta a gaban jama'a.

Akwai wata irin korar wadda ta fi kama da jimlar nan ta kira zuwa ga wasu ayyuka, ita ma Najeriya ta ga misalinta. A watan Disamba na 2007, hukumar EFCC a ƙarƙashin Nuhu Ribadu ta kama James Ibori, tsohon gwamnan jahar Delta, mutum mai ƙarfi a jam'iyya mai mulki. Kafin watan ya ƙare, Sufeto Janar Mike Okiro ya ba da sanarwar cewa Ribadu zai tafi kwas na shekara ɗaya a cibiyar horar da manyan ma'aikata da ke Kuru, kusa da Jos. Wa zai ce ƙarin ilimi laifi ne? Amma a 2008 aka rage masa girma, daga baya aka kore shi daga aikin ɗan sanda ɗungurungum. A ƙarshen 2009 wata kotu a Asaba ta watsar da tuhuma 170 da ake yi wa Ibori. Sai a 2012, a birnin Landan, Ibori ya amsa laifinsa aka ɗaure shi shekara 13. Shi kuwa Ribadu an maido masa da girmansa a 2010, a 2023 kuma aka naɗa shi mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Mutumin ya farfaɗo. Abin da bai farfaɗo da sauri ba shi ne zuciyar ƙananan masu bincike, waɗanda suka ga abin da ke samun wanda ya taɓa babban mutum.

Masu shari'a a ƙasashe da dama sun nemi maganin wannan ciwo ta hanyar rubuta doka. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 216, ya ce kafin shugaban ƙasa ya naɗa Sufeto Janar ko ya sauke shi, sai ya shawarci majalisar ƴan sanda, wadda gwamnonin jahohi 36 ke ciki. A aikace, sau da yawa majalisar takan zauna ne bayan an riga an ba mutum riƙo, ta sa albarka. Dokar ƴan sanda ta 2020 ta tsayar da wa'adin shekara huɗu ga kujerar. A 2024 aka yi wa dokar kwaskwarima cikin gaggawa yadda Kayode Egbetokun zai zarce bayan ya cika shekara 60, aka sake buɗe wata gardamar. A Amurka, bayan da Edgar Hoover ya yi shekara 48 yana riƙe da hukumar bincike ta FBI, aka yi doka a 1976 ta ƙayyade wa'adin shekara 10. Wannan bai hana Donald Trump tuɓe James Comey ba a watan Mayu na 2017, yana tsakiyar binciken da ya shafi yaƙin neman zaɓen shi Trump ɗin. Sai dai a can, cikin kwana takwas ma'aikatar shari'a ta naɗa mai bincike na musamman, Robert Mueller, takardun ba su mutu da tafiyar mai riƙe da su ba. A Faransa, bayan ɓarnar da aka yi a tsakiyar birnin Paris ran 16 ga watan Maris na 2019 lokacin zanga-zangar masu rawayar riga, firaminista Edouard Philippe ya fito bayan kwana biyu ya ce an samu gazawa wajen gudanar da aikin tsaro, ya sanar da sauya shugaban ƴan sandan birnin, Michel Delpuech. Wasu sun ce an ɗora wa mutum ɗaya laifin gwamnati duka. Ko da haka ne, an ba jama'a dalili a hannu, wanda za su iya aunawa su karɓa ko su ƙi.

Akwai masu cewa al'amarin tsaro sirri ne, ba a baje shi a faifai. Akwai kuma masu cewa rufin asiri ɗabi'a ce ta mutanen kirki, bai dace a tozarta wanda ya yi wa ƙasa aiki shekara talatin ba. Maganar farko tana da ƙamshin gaskiya, amma ba kowane dalili ne sirrin ƙasa ba. Cewa an sauke wane saboda ya ƙi bin umurnin alƙali, ko saboda ana binciken kuɗin da ya bi ta hannunsa, ko saboda rashin lafiya, bai tona wa ƙasa kome ba. Ta biyun kuwa, in an duba da kyau, mai gaskiya take cutarwa. Sa'ad da jimla ɗaya ta rufe wanda aka ƙara wa girma da wanda aka kama da hannu dumu-dumu, mutanen gari ba su da hanyar bambancewa, sai su shafa musu baƙin fenti su duka. Hafsan da ya yi aikinsa tsakani da Allah ya tashi daga gari ana nuna shi da baki, ɓarawon kuwa ya sauka a wani garin da jakarsa da halinsa. Rufin asiri na al'amuran gida ne; muƙamin gwamnati amana ce ta jama'a, mai amana kuwa yana da haƙƙin ya san abin da ya samu kayansa.

Kada a manta kuma da inda aka fito. A zamanin Turawa, gardi na kumandan ne: shi ke rakiyar karɓar haraji, shi ke tattara mutanen aikin tilas, kuma ba ya amsa tambayar kowa sai ta wanda ya ba shi kaki. A Arewacin Najeriya, ƴan doka na hukumar gargajiya ne, kuma an sha kuka da yadda aka yi amfani da su a kan ƴan jam'iyyar NEPU, har bayan juyin mulkin 1966 aka haɗe su cikin ƴan sandan tarayya. Wannan tarihi bai goge daga zukata ba. Har yau talaka in ya ga mai kaki, abin da ya fara tambaya a ransa shi ne: yaron wa ne? Duk korar da aka yi a ɓoye tana ƙara tabbatar masa da zatonsa.

Nijar ma ta san farashin tambayar da aka bari ba amsa. Ran 9 ga watan Fabrairu na 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta kan ɗalibai masu jerin gwano a gadar Kennedy ta Yamai, hukuma ta amince da mutuwar uku. Sai da babban taron ƙasa, wanda ya zauna daga 29 ga watan Yuli zuwa 3 ga watan Nuwamba na 1991 a ƙarƙashin Farfesa André Salifou, ya ɗauko maganar ta hannun kwamitinsa na binciken laifuka, mutane suna saurare a rediyo. Duk da haka shekara da shekaru ɗalibai suna tunawa da ranar suna neman shari'a. Taron bai ma watse ba, a ƙarshen watan Oktoba na 1991, aka yi kisan Toda cikin yankin Gidan Rumji, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, yawancinsu mata da yaran Fulani. Mutanen jahar Maraɗi ba su bukatar a yi musu dogon bayani kan abin da ke faruwa sa'ad da jama'a suka ɗauki hukunci a hannunsu.

Wannan shi ya maido da maganar Dakoro. Sufeto Janar ba ya zaune a can, amma akwai kumandan jandarma, akwai kwamishinan ƴan sanda, akwai shugaban gardi, kuma ga mutumin Birnin Lalle ko Sakabal su ne gwamnati da yake gani da idonsa. Yankin yana bakin iyakar nan da dokar 26 ga watan Mayu na 1961 ta shata tsakanin ƙasar noma da ƙasar kiwo, iyakar da yawan jama'a da ƙarancin ƙasa suka daɗe da turawa arewa. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun tsara yadda za a kiyaye burtali da mashaya da makiyaya, sun kafa kwamitocin kula da filaye, sun ba sarakuna ikon sulhu kafin a je gaban alƙali. Amma ranar da garke ya faɗa gona, ko gona ta cinye burtali, ko aka kore wa mutum shanu da dare, wanda ke fara isa wurin mai kaki ne, kuma abin da ya rubuta shi alƙali zai karanta. Garken nan ba kullum na mai sandar da ke biye da shi ba ne. Wani lokaci na babban attajiri ne ko na babban ma'aikaci da ke birni. Gonar nan ma haka. Saboda haka in aka ɗauke kumanda a tsakiyar kaka ba bayani, manomi zai ce domin ya tsare shanun manya ne, makiyayi zai ce domin ya ƙi goyon bayan masu gona ne, wanda ya gaje shi kuma zai iso yana taka-tsantsan da kowace takarda mai babban suna a kai. Mai yiwuwa ne canjin na yau da kullum ne, wa'adinsa ne ya cika. Amma wa ya faɗa musu?

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin hukuma ba, ba ya kuma cin kuɗi. Takardar da ta sauke babban jami'in tsaro, daga Yamai har zuwa gunduma, ta nuna ko canjin aiki ne na al'ada, ko ritaya, ko dakatarwa saboda bincike. Idan bincike ne, a ba mutumin damar kare kansa gaban kwamitin ladabtarwa kamar yadda dokar aikinsa ta tanada, a kuma sanar da sakamakon, ko ya wanke shi ko ya kai shi kotu. Manyan ma'aikatan da ke karanta wannan shafi sun fi kowa sanin cewa abin da ya fi saurin ɓacewa ranar miƙa aiki shi ne takardun da ba a gama da su ba. Ya kamata a lissafa su ɗaya bayan ɗaya cikin takardar miƙa aiki, tare da adadin mutanen da ke tsare da dabbobin da aka kama, alƙalin wurin ya samu kwafi, domin wanda ya kai ƙara a watan Oktoba kada a ce masa a watan Disamba ya sake farawa daga fari. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci kuma suna da nasu aikin: mai kai ƙara ya nemi a ba shi lambar ƙararsa da kwanan wata a rubuce, ya adana, domin takarda ba ta tafiya da wanda aka canja.

Kowace shekara, bayan an gama girbi, hukuma takan tsayar da ranar sakin gonaki, a yi shelarta da Hausa da Fulatanci da harshen Buzaye a gidajen rediyon karkara, a aika wa sarakuna da masu gari da arɗo-arɗo, domin kada wani ya ce bai ji ba. Ta wannan hanya ɗin za a iya sanar da mutanen Dakoro sunan sabon kumandan jandarma, da dalilin tafiyar tsohon, da ofishin da mai ƙara zai je ya tarar da takardarsa.